Hanya Ta Cikin Dawar Lauratu

Lauratu na zaune a tsakar gida tana kaɗi, Gwaggonta Kulu na shiƙar gero, sai ga mahaifinta Maitama ya shigo daga zaure da ƙwaryar goro a hannu, fuska ba annuri. Ya dire ƙwaryar a gaban ƙanwarsa.

"Kulu, a mayar musu da kayansu."

"Haba Yaya, ko sallamar mutanen nan ba ka amsa da kyau ba."

"Na amsa daidai da su. 'Yata ba za ta shiga gidan Maiwada ba, ko da mazan garin Ƙarfi sun ƙare."

Mazari ya tsaya a hannun Lauratu. Goron na Aƙilu ne, ɗan Maiwada, wanda take so tun ba ta san sunan abin da ke damunta ba. Hawaye suka riƙa ɗiga a kan audugar har ta jiƙe.

Wannan gaba ta girmi duk mai rai a garin. Kakan Maitama da kakan Maiwada tagwaye ne, na Maitama shi ne babba, maharbi, na Maiwada ƙarami, manomi. Ranar da ubansu zai cika babban yana daji, sai tsohon ya dafa kan wanda ke kusa, ya sa masa albarka, ya bar masa fadama. Da maharbin ya dawo, ya tarar an yi rabo ba da shi ba. Tagwayen sun daɗe da zama ƙasa, amma jikoki suka riƙe abin kamar sana'ar gado. Maitama ma sai da ya ƙara gishiri: ya rantse ƙafar ɗan gidan Maiwada ba za ta taka gonarsa ba, ya toshe hanyar da ta ratsa ta da ƙaya. Gidan Maiwada kuwa a bakin fadama yake, don haka in za su shigo gari sai sun zagaya sun tsallake rafi.

Ran kasuwa Aƙilu ya same ta inda take sayar da zare. Kullum sai ya saya, alhali duk gidansu babu masaƙi.

"Lauratu, fatake za su tashi zuwa Zazzau. Ina da kawu a can, malami ne, zai ɗaura mana aure."

"Ni ma ina sonka, Aƙilu, ka sani. Amma ba zan bi ka ba."

"To har yaushe za mu zauna haka? Sa'o'inki duk suna goyo."

"Albarkar uba ɗaya aka rasa, ga shi har yau gidajenmu ba sa ga maciji. In na fita ba da albarkar Baba ba, me zan bar wa 'ya'yanka? Zan jira."

Ta kuwa jira. Masu neman aure suka yi ta zuwa tana sallamarsu cikin ladabi, shi kuma Maitama bai tilasta mata kowa ba, don taurin kai ne da shi, ba mugunta ba. Damina ta wuce, wata ta zo.

Wata rana da hantsi liman, Malam Ummaru, ya zo roƙo. Lauratu ta kai musu ruwa zaure, ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Maitama, ka san labarin Isu da ɗan'uwansa Annabi Yaƙubu, 'ya'yan Annabi Isiyaku? Su ma tagwaye ne. Addu'ar ubansu ta faɗa kan ƙaramin, babban ya ƙullace shi."

"Allah ya gafarta Malam, ashe ba mu muka fara ba."

"Tsaya ka ji. Masu ba da labarin mutanen farko sun ce daga baya sun haɗu, suka rungume juna suna kuka, kuma tare suka binne mahaifinsu. Jikokin Isu ne, mutanen Edom, suka tono abin. Bani Isra'ila suka roƙi su bar su su ratsa ƙasarsu, ba za su taɓa gona ba, ba za su sha rijiya ba, suka hana. Gabar da masu ita suka ajiye, waɗanda ba su ga farkonta ba suka ɗauka."

Maitama ya shafa gemu. "Mutanen nan sun san darajar gonarsu, Malam."

Liman ya tashi yana girgiza kai. Lauratu ta koma ɗaki, ranar kam ta yi kuka har Gwaggo ta tausaya ta daina yi mata tsiya.

Ana tsakiyar marka Allah ya yi wa Maiwada rasuwa. An kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse, ko gwanin iyo ba zai tunkare shi ba. Labari ya iso da safe: an yi wa mamacin wanka an suturta shi, amma ba hanyar kai shi makabarta sai ta gonar Maitama, kuma kowa ya san rantsuwar.

A gefen gonar akwai gayaunar marigayiya mahaifiyar Lauratu, wadda ta gada. Dawar da ta shuka a ciki ta fi tsawon mutum, da ita take sa ran yin kayan ɗaki. Ta ɗauki adda ta fita. Ta janye ƙayar bakin gayaunar, ta shiga sara daga wannan kai zuwa wancan, faɗin da mutum biyu za su jera. Hannunta ya yi kanta ya fashe, ba ta tsaya ba. Da ta ɓullo ta ɓangaren fadama, ta ɗaga murya ta ce wa mutanen gidan Maiwada ga hanya.

Tana juyowa ta yi kiciɓis da mahaifinta, sanda a hannu.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Baba. Gayaunar Inna ce, ita kaɗai na sare. In duka ne, ga ni, amma a bar mutumin nan ya je makwancinsa."

Kafin ya buɗe baki, sai ga kalmar shahada tana tasowa daga cikin dawa. Lauratu ta ja gefe ta rufe fuska da zane. Maitama ya tsaya ƙyam a tsakiyar hanya, masu makara suka ja birki, Aƙilu ne a gaba, idanunsa jawur. Aƙilu ya ɗaga ƙafa zai ja da baya, santsi ya kwashe shi, makarar ta karkata za ta kife.

A Ƙarfi, namiji bai gamuwa da gawa ya bar ta ta wuce bai sa kafaɗa ba, ko da taki kaɗan ne. Tun Maitama na yaro jikinsa ya saba da haka, hannunsa kuwa ya riga zuciyarsa. Sandar ta faɗi cikin laka, kafaɗarsa ta shiga inda ta Aƙilu ta fita.

"Mu je," in ji Maitama.

Ana karɓa-karɓa a hanya kamar yadda aka saba, amma duk wanda ya matso zai karɓe shi sai ya girgiza kai. Shi ya kai har bakin kabari, da shi aka zuba ƙasa.

Ya dawo gida da azahar, taɓo har gwiwa. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya je ya zauna zaman makoki a gidan da bai taɓa takawa ba. Bayan an share makoki ya kira Lauratu. Ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Dawarki ta tafi."

"E, Baba."

"Maiwada ba shi da nauyi, Lauratu. Kamar yaro na ji shi. Duk hanyar nan ina ta neman laifin da shi kansa ya yi mini, wallahi ban samu ba." Ya share ido da bakin riga. "Da kin gudu da yaron nan, da har in mutu ina ganin ni ke da gaskiya. Ki ce wa Gwaggonki ta aika, su turo magabatansu."

Ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, ke da shi, da abin da za ku haifa."

Nan ta kife a ƙafafunsa tana kuka, kukan daɗi wanda ta daɗe tana ajiyarsa. Bayan kaka aka ɗaura aure, Malam Ummaru ya shafa fatiha, gidajen biyu suka ci tuwo a akushi ɗaya.

'Yan mata da samari, ku duba Lauratu. Ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma taya shi ƙiyayya ba. Haƙurinta ba na naɗe hannu ba ne, da ranar alheri ta zo ita ta fara biyan farashinsa. In iyaye suka bar muku gona ko suna, ku riƙe da kyau. In gaba suka bar muku, ku tambaya tukuna ko wanda kuke ƙi ya taɓa yi muku wani abu.