Ruwan Lagireto a Daron Awaki

Da hantsi wata mata ta shigo caji ofis, mayafinta a hannu, ta ce an kashe mata awaki. Mijinta ya rasu, awakin nan su ne gonarta, su ne kasuwarta. Sufeto bai gama jawo mata kujera ba ta riga ta ambaci wanda take zargi: Dogo, direban a-kori-kurar da ke kwana a filin da ya raba gidanta da na surukinsa.

Ta ce rigimar ba yau ta fara ba. Awakin kan haye bayan motar su ɓata ta, su kankare fenti, har Dogo ya taɓa cewa a gaban mutane sai ya ga bayansu.

Sufeto ya ɗauki Kofur, suka biya wa likitan dabbobi, suka nufi filin. Awakin na kwance a jere, an rufa musu buhu. Likita ya tsoma yatsu a sauran ruwan daron da suke sha, ya murza, ya shinshina. Ya ce wannan ruwan sanyaya inji ne, koren nan na kanti da ake zubawa a lagireto, sai dai ya haɗu da tsatsa har launinsa ya dushe. Zaƙi gare shi, dabba ba ta ƙinsa, in kuwa ta sha ƙodarta ta gama aiki.

Can sai ga Dogo ya dawo daga ɗaukar kaya. Ya rantse bai san komai ba. Ya ce shi da kansa ya zuba koren ruwan tun bara, kuma yana nan cikin mota bai taɓa shi ba. Kofur ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, Sufeto ya buge hannun, ya tambaye shi ko ya gaji da fuskarsa ne. Suka tsaya har injin ya huce.

Da aka buɗe, farin ruwa ne tas, irin na famfo.

Dogo ya daɗe yana kallon ruwan. Ya sunkuya ya leƙa ƙasan lagireton, ya ɗago, ya dubi ƙofar gidan surukinsa, sannan ya ce shi ne. Shi ya tsiyaye, shi ya zuba a daro.

Sufeto ma ya sunkuya ya leƙa.

"Da ka mayar da tiyon ƙasa, da me ka ɗaure shi?"

"Da kilif ɗinsa, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Babu kilif a wurin. Waya ce aka naɗa zagaye biyu aka murɗe bakinta aka lanƙwasa, ɗaurin mutanen da, wanda yaran yanzu ba su iya ba. Sufeto ya miƙe. Mutum ya amsa laifi da bakinsa a gaban jama'a, dole a tafi da shi. Kofur sai murna yake, wai aiki ya ƙare tun kafin azahar, gobe sai kotu. Kuma gaskiyarsa, in aka kai Dogo a haka ɗauri zai sha, kuma ba mai sake ba shi kaya ya ɗauka.

Da rana matar Dogo ta kawo masa abinci. Sufeto ya tsayar da ita a bakin kantar ofis. Ta ce motar ta mahaifinta ce, tsohon direba ne, ya ba mijinta ya riƙa nema da ita. Ta ce Baba ya daina taɓa mota, ko makulli ba ya riƙewa. Sufeto ya ce ya lura bonet ɗin motar da igiya ake ɗaure shi, ba ya bukatar makulli. Ya tambaye ta me ya sa Baba ya bar tuƙi.

"Gajiya ce," in ji ta, idonta na kan kwanon da ke hannunta.

Ba a iya ƙarya a gidan nan ba, kowa ya yi sai ta nuna a fuskarsa.

Da la'asar Sufeto ya koma shi kaɗai, da jarkar koren ruwan da ya samo a bayan kujerar motar. Ya tarar da tsohon a kan benci a ƙofar gida, ya gaishe shi da ladabi. Tsohon ya amsa yana kallon gefen kafaɗar Sufeto. Bai tambayi labarin mijin 'yarsa ba.

Sufeto ya ce motarsu ta ofis tana yawan zafi, shawara ya zo nema. Nan fa bakin tsoho ya buɗe. Ya ce yaran yanzu tuƙi kawai suka sani, ba su san mota tana jin ƙishi ba. Kafin zafi ya shigo a wanke lagireto, a duba fanbel, a matsa tiyo da hannu a ji ko ya yi laushi, kar a yarda da kilif ɗin zamani. Ruwan kanti kuwa lalaci ne da almubazzaranci, ya sha faɗa wa Dogo kar ya kuskura ya sa masa shi a mota.

"To tsohon ruwan fa, Baba, ina ake kai shi?"

"Ruwa ai ba a zubar da shi a ƙasa. Ni tun ina saurayi dabbobi nake..."

Bai ƙarasa ba.

Sufeto ya ɗaga jarkar a gabansa, rana na dukanta.

"Baba, wane launi ne wannan?"

Tsohon ya ƙura ido, ya ƙifta, ya sake ƙurawa. 'Yarsa da ke laɓe a bakin ƙofa ta sa mayafi ta toshe bakinta.

Daga nan tsohon bai wahalar da kowa ba. Ya ce idonsa ya daɗe da tafiya, inuwa kawai yake gani, amma ya hana a faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, yaya za a ce masa makaho? Jiya da safe Dogo ya tafi gyaran taya, shi kuwa hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya lalubi tiyo ya tsiyaye ruwan a bokiti, ya ji santsi ya ɗauka datti ne, ya juye wa awakin maƙwabciya yana ganin alheri ya yi, sannan ya cika lagireton da ruwan famfo. Bai san Dogo ya sauya ruwan a ɓoye ba.

Sufeto ya ce wannan duk kuskure ne, kuma kowa na yi. Amma akwai saura.

"Yau da safe kana ina, Baba?"

"Ina nan a kan bencin nan."

"Ka ji abin da likita ya faɗa?"

"Na ji."

"Ka ji Dogo ya ce shi ne?"

Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce ya ji. Ya ji har ƙarar ankwar da aka sa wa yaron, kuma ya zauna. Yaron da ya ba 'ya, yaron da ko sunan surukinsa ba ya iya kamawa don kunya, shi ya tsaya ya rufa masa asiri, shi kuwa babba ya bar shi. Ya ce awaki ana iya mayarwa, wannan ne bai san inda zai kai shi ba.

Sufeto ya ce sai su je ofis ya maimaita, don a saki Dogo ya kwana a ɗakinsa. Mutane sun riga sun taru a filin, har da mai awakin. 'Yar ta roƙi a bi da shi ta ƙofar baya, tsohon ya ce a'a, ta gaban matar nan za a bi, yana da magana da ita.

Ya miƙe, ya mayar da hularsa. Ya yi taku ɗaya ya tsaya, sannan a gaban duk unguwar ya miƙa hannu cikin iska.

"Riƙe ni, ɗana," ya ce wa Sufeto. "Ba na ganin hanya."