Saki Uku Kafin Lefe

Ranar da Bahijja ta fara ganin Mikail, faɗa ta je yi masa.

Ta daɗe tana buga "Ayarin Zuhal" a wayarta, gem ɗin, wato wasan waya, da saurayin ya ƙirƙira shi kaɗai, labarin fataken Kano da suka ajiye raƙuma suka koma fatauci cikin kumbo tsakanin taurari. Da ta ji ya buɗe gwajin kashi na biyu a ɗan shagonsa na Ƙofar Nassarawa, kowa ya zo ya taɓa kafin a kammala, sai ta yafa mayafi ta taho daga Shahuci.

Ta zauna gaban laftof, ta sa abin ji a kunne. Ba ta jima ba ta cire.

"Malam, wa ta yi muryar kyaftin ɗin nan?"

"Kwamfuta ce," in ji Mikail yana sosa ƙeya.

"Ai da ji. Kumbonta na cin wuta tana cewa 'akwai matsala' kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Bakanuwa ce fa! Salati za ta fara saki."

"To yi mini in ji."

Ta yi kuwa. Wani mai gyaran waya har ya leƙo ko gobara ce. Shi kam Mikail tun daga nan zuciyarsa ta tafi, ba ta dawo ba.

Bai yi wasa ba, ya tura manyansa wurin mahaifinta, Malam Salihu, aka ba shi izinin zance. A zauren gidan suke ɗaukar muryarta a matsayin kyaftin, sun rataya barguna a bango saboda ƙarar 'yan adaidaita. Malam ya ɗauka irin wasan kwaikwayon rediyo ne, bai hana ba. Bahijja, wadda tun tana ƙarama ake ce mata surutunta ya yi yawa, yau ga wanda ke cewa ta ƙara. Ta gyara masa maganganu, ta zuba karin magana, ta ba kyaftin ɗin rai.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Kyaftin ɗina, na canza mata suna. Daga yau Kyaftin Bahijja ce. Duk wanda ya shiga sararin nan sai ya bi umarninki, kamar ni."

Ta mayar masa: "Madugu uban tafiya, ka dai iya daɗin baki. Ka ci abinci kuwa?"

To, a ƙarshen gwajin akwai wani wuri mai sa kuka. Kyaftin tana reto a wajen kumbo, madugun ayari yana riƙe da ita, in bai rabu da ita ba kowa ya halaka. Ita ce ke cewa, "Sake ni ka ceci mutane!" Shi kuma madugu, da muryar Mikail, ya ce, "Na sake ki, Bahijja." Su biyun har hawaye suka yi ranar ɗauka. So hana ganin laifi, ashe har da hana ji. Ba wanda ya ji abin da kowane Bahaushe zai fara ji.

Ismail ya ji. Ɗan baffanta ne, ya nemi aurenta ta ce ba ta yi, ya haɗiye yana murmushi. Ya je shagon kamar mai taya murna, ya buga gwajin, ya ɗauki wurin a waya. Ya yanke maganar kyaftin, ya jera ta Mikail sau uku, ya rubuta a ƙasa: "Saki uku kafin lefe."

Kafin la'asar abin ya zaga Shahuci. Mata suna turawa juna suna tafa hannu. Bahijja ta fita sayen katin waya, samarin bakin layi suka haɗa baki, "Sannu bazawara!" Da ƙyar ta kai gida.

Malam Salihu ya kira Mikail zaure. Bahijja tana bayan ƙofa.

"Na san ba a sakin abin da ba a ɗaura ba," in ji Malam. "Amma saki ba shi da wasa, ɗana, wasansa ma gaske ne. In na ba ka ita, kullum wani yaro a Fagge ya danna waya, muryar mijinta ta sake ta. Haka za mu zauna?"

"Baba, zan canza kalmar. Sai ya ce, 'Na yanke igiyar.'"

"Igiya kuma? Wacce daga cikin ukun?"

Mikail ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ka cire sunanta, ka cire muryarta, ko tarinta kada ka bari. In ba haka ba, ka nemi wata."

Bahijja ta dafe ƙirji. Jira take Mikail ya ce a ba shi lokaci, ya ce a tambaye ta, ya ce aikinta ne ita ma. Ko numfashi bai ja ba.

"Na amince, Baba. Yau zan cire."

Wannan ya fi mata bidiyon Ismail ciwo, wallahi ya fi. Maƙiyi ai aikinsa ya yi.

Mikail ya yi ta kira ba ta ɗauka ba. Ya rubuto: "Kyaftin, mun tsira. Baba ya yarda. Me ya sa kika yi shiru?"

Sai washegari ta amsa: "Ai shirun ka yi alkawari a madadina. Ga shi na fara."

Ta so ta ce ta fasa. Ta kwanta da niyyar, ta tashi da ita, amma da ta tuna fuskarsa sai niyyar ta narke, ta ji haushin kanta ya fi nasa. Gwaggo Uwani, ƙanwar Malam, ta same ta a ɗaki idanu sun kumbura.

"Ke 'yar nan, a kan muryar cikin waya za ki bar miji? Ba ga bakinki nan a jikinki ba?"

"Gwaggo, shi ne kaɗai abin da na taɓa yi aka ce na iya."

Gwaggo ta matso kusa da ita. Ta dai jawo ta jikinta.

Abu ɗaya Bahijja ta roƙa, ita za ta goge muryar da hannunta. Ta je shagon, ta zauna a kujerar nan, ta zaɓi duk abin da suka ɗauka a zaure, dariyarta da kurakuranta duka. Kwamfutar ta tambaya ko ta tabbata.

"Ita ma ta san a tambayi mutum," ta ce, ta danna.

Mikail ya juya yana kallon bango.

Aka kawo lefe, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Ismail ma ya zo da babbar riga, ya ci waina ya fi kowa. Malam Salihu ya dafa kan 'yarsa ya ce Allah ya yi mata albarka, yadda ta rufa masa asiri Allah ya rufa mata. Ta yi kuka mai yawa, mutane suka ce na rabuwa da gida ne.

Da abokan ango suka rako shi, aka zo sayen baki kamar yadda aka saba, amarya ba ta magana sai an biya ƙawayenta. Aka yi ta ciniki ana shewa, aka biya, aka watse. Mikail ya durƙusa gabanta.

"Kyaftin, ko kalma ɗaya."

Ta ɗaga mayafin a hankali.

"Bakin da ka sayar a zaure ne yau kake saye?"

Bai kare kansa ba. Hawaye suka zubo masa.

"Na sayar. Tsoro na ji, Bahijja. Na ga zan rasa ki, ban tsaya na ga me ke za ki rasa ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana sonsa, ga shi nan a zuciyarta bai ragu ba, ga ciwon kuma a gefensa, shi ma bai ragu ba.

"Na yafe. Mantawa ce ban yi maka alkawari ba." Ta share masa fuska da bakin mayafinta. "Tashi ka yi alwala ka ja mu salla, angona."

Gem ɗin ya fito bayan babbar salla, da Kyaftin Nana da muryar wata yarinya. An ce ya yi kyau ƙwarai. Bahijja ba ta taɓa buɗe shi ba, shi ma bai taɓa ce mata ta buɗe ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sanyaya mata zuciya.