Makin Manema Biyu

Ana tsaka da cin abincin rana a gidan su Da-som a birnin Daegu, yayanta Gwang-su ya ture kwanon kimchi, kabeji mai yaji, gefe ya ɗora kwamfutarsa.

"Mama, matso ki gani. Da wannan manhajar kamfaninmu yake zaɓen inda zai gina masana'anta. Na zuba mata maneman Da-som biyu: albashi, gida, makaranta, asali." Ya taɓe baki. "Likitan haƙori Mun, maki tamanin da huɗu. Mai koya wa yara kiɗan nan kuwa... arba'in da ɗaya!"

"Sunansa Tae-o," in ji Da-som. "Yaya, ni masana'anta ce?"

"Dalla rufe mana baki! Soyayya za ki dafa ki ci?"

Mama ta leƙa, ta ja tsaki. "Ko a jarrabawa ai wannan faɗuwa ce."

Da-som ta shige ɗaki tana kuka, ta kira Tae-o ta ce su gudu Seoul kawai.

"A'a," ya ce. "Ba zan raba ki da mahaifiyarki ba. Mu jira."

Duk Lahadi sai ya zo gaisuwa, Gwang-su ya tare ƙofa yana cewa, "Arba'in da ɗaya, an iso?" Sai Tae-o ya sunkuyar da kai ya koma.

Ranar haɗuwa da dangin likita, Gwang-su ya sha kwat, ya kwashe su zuwa otal. Uwar likitan ce kaɗai ta zo, ko shayin ba ta taɓa ba.

"Sai haƙuri. Mu ma mun saka 'yan mata biyar a manhajar, taku ta huɗu ta zo." Ta ƙare wa Mama kallo tana yatsina. "Uwa mai sayar da kifi a kasuwa... maki ya zube sosai."

Ta ɗauki jakarta ta fice. Gwang-su ya kasa ɗaga ido.

Mama ta juyo gare shi, hawaye na zuba. "Da kifin nan na kai ka jami'a, shi ne ka kawo ni aka ɗora ni a sikeli? Tir da wannan ilimi naka!" Ta kamo hannun 'yarta. "Kira yaron nan. Ki ce ya zo da yunwarsa."

A lokacin kaka aka yi bikin, ɗaliban Tae-o ne suka yi kiɗa.

Haƙuri ya kai su ga abin da gudu ba zai ba su ba. Wanda kuwa ya mai da ɗan wani lamba, ya sani akwai inda ake lissafa nasa.