Tabo Na Uku

Da masaƙar da nake aiki a Bompai ta sallame mu, sai na ɗauko zabirar marigayi Baba. Wanzami ne, haka ma kakana da ya rasu tun ba a haife ni ba. Ni ne na guje wa gadon. Sati biyu ina koyon aski a bayan ƙwarya kafin na shimfiɗa tabarma a bakin hanyar ma'aikata.

Ranar Alhamis da almuru, titi ya yi tsit, ina shirin tashi, sai ga mutum zaune a gabana. Ban ji takunsa ba, bai kuma yi sallama ba. Da ganinsa bai haura talatin ba.

Na ce, "Malam, ai ba a aski bayan magariba."

Ya ce, "Mai ƙotar azurfa za ka ɗauko."

Askar nan tana can ƙasan zabira, ban taɓa nuna wa kowa ita ba.

Na wasa ta a fata, na jiƙa masa kai. Kan nan sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ina cikin aski, askar ta zame ta yanke shi a ƙeya. Na tsaya jiran jini, ko ɗigo babu. A nan na ga tsofaffin tabo biyu a jere, daf da yankan.

Bai juyo ba ya ce, "Kada ka damu, Ɗanlami. Na farko kakanka ne ya yi min ranar da ya fara, na biyu babanka. Ƙarasa. Duk Alhamis nake zuwa."