Yarinyar da ta Dirje Hannunta da Yashi

Yara, ku gyara zama. Wannan labari a Badagishiri ya faru, a shekarun da aka fara jin sunan cutar sida, wato ƙanjamau, a rediyo.

Akwai wata yarinya ƴar aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Gidansu manoman albasa ne. Ƙanwar babanta, Gwaggo Fadimatu, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. An gwada jininta a asibiti, an ce tana ɗauke da cutar. Amma da sauran ƙarfinta, kuma kwano ɗaya suke ci da yarinyar.

Ran wata Lahadi suna aikin gabu a tsakar gida. Gwaggo na yanka ganyen albasa, yarinyar na kwashewa tana zubawa a turmi, don a daka, a dunƙule, a shanya. Sai wuƙa ta zame ta yanki Gwaggo a tafin hannu. Jini ya ɗiga a bayan hannun yarinyar.

"Ɗiyata, miƙo mini tsumma," in ji Gwaggo.

Yarinyar ba ta miƙa ba. Ta ruga bayan rumbu, ta wanke jinin tas da ruwan buta. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta ɗebi yashi ta yi ta dirza wurin, har fata ta ɗaye.

Kwana biyu ba ta leƙa ɗakin Gwaggo ba, ta kuma ƙi sa hannu a kwanonsu. Gwaggo ta riƙa cin tuwonta ita kaɗai a bakin ƙofa.

A rana ta uku hannun yarinyar ya kumbura. Babanta ya ga ta kasa ɗaukar guga, ya tambaye ta dalili. Ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ya faru.

"Baba, na kamu. Mutuwa zan yi."

Ya ɗora ta a keke zuwa gidan likita. Ma'aikacin wurin, Malam Rabilu, ya duba hannun a natse. Ya tambaye ta ko da ciwo a wurin kafin jinin ya taɓa ta. Ta ce babu. Ya tambaya ko ta wanke kafin ta dirza. Ta ce ta wanke.

Ya yi murmushi. "To wannan ciwon yashi ne, ba sida ba. Hannunki kika mayar gindin tukunya?"

Ya bayyana mata cewa cutar ba ta ratsa lafiyayyar fata, ruwa da sabulu sun isa. In jini ya taɓa sabon yanka, hatsarin kaɗan ne, amma akwai shi. Sai a wanke nan take, a zo a gan shi. Ya ce cin abinci tare ba ya sa wa mutum cutar.

Yana ɗaure mata hannu ya ce, "Ita Gwaggon taki, wa ya ɗaure mata nata?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Can ta roƙe shi ya koya mata. Ya nuna mata yadda za ta fara rufe nata ciwon, ta sa hannu cikin leda mai tsabta, sannan ta wanke na wani.

Da suka isa gida ta durƙusa a ƙofar Gwaggo.

"Gwaggo, na gudu na bar ki. Ki yafe mini. Kawo hannun in gani."

Gwaggo ta kalle ta. Sannan ta miƙo hannun.

"A hankali dai, likita. Ban da yashi."

Yarinyar ta kwance tsohon tsumman, ta wanke ciwon, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Babanta na tsaye yana kallo. Da maƙwabcinsu ya leƙo, ya nuna masa ita ya ce, "Ɗiyata ce ta yi wannan ɗaurin."

Cikin mako guda hannuwan biyu suka warke.

Yara, ku riƙe wannan. In jinin wani ya taɓa ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku gaya wa babba. Ku rufe ciwonku kafin ku taɓa na wani. Kada tsoro ya sa ku guje wa naku a lokacin da yake bukatarku.