Buzuzun da Ba Ya Cikin Littafin Mijina

A bana na rasa miji. Abin da na samu kuma shi ne kyamara ɗaya, kwalabe arba'in, da wani littafi mai kauri wanda ban iya karanta komai a ciki ba sai kallon hotuna.

Marigayin mai gyaran agogo ne, ni kuma takalma nake sayarwa, kuma kowa a kasuwa ya san ba a cin ribata. Da zarar ya rufe shago, sai bayan tsohon gidan katako, inda gungumai ke ruɓewa. Ya kamo buzuzu a kwalba, ya sa a firijina minti biyar sanyi ya kashe masa jiki, ya ɗora a kan farar takarda ya yi ta ɗauka. Sai ya ƙirga gaɓoɓin ƙahon, ya duba ƙafafu, ya buɗe littafi ya nemo sunan. Dokarsa ɗaya ce: kafin rana ta faɗi, kowanne zai koma kan gungumen da aka ɗauko shi.

Akwai wani kore mai ƙyalli da ba ya cikin littafin. Wai mace ce. Shekara shida yana kamo ta yana mayarwa, yana neman sunanta, har da tura hotonta ga masana. Ni da na yi shekara talatin ina wanke masa riga, ko sau ɗaya bai ce in tsaya ya ɗauke ni ba.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi ya rasu, tana cikin firiji. Na gan ta. Na tura kwalbar can baya, na rufe.

Bayan wata biyu na kai kyamarar shagon mai hoto, kwalbar na cikin jakata, don an ce akwai masu saye su soke da allura su rataye. Ya taya kyamarar, na ce albarka. Yana duba katin hotunan sai ya tsaya a kan nata, ya yi ta ƙara girmansa.

"Mama, wannan ba maigidanki ba ne?"

Shi ne. Fuskarsa ce a cikin ƙyallin bayanta, kamar a madubi. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, kullum shi ke ɗauka. Amma irin kallon da yake mata! Ni ban taɓa samun rabinsa ba. Na fizge kayana na fito.

Rana ta kusa faɗuwa, sai na yanke ta bayan gidan katakon. Ba kowa a hanyar. Warin ruɓaɓɓen itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gyare na ta kuka.

Sai suka yi shiru gaba ɗaya.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Daga jakata ne. Wata biyu ba ci ba sha, tana ƙwanƙwasa gilashi. Sanyi ya huda jakar ya shiga haƙarƙarina. Iskar wurin ta koma warin firiji da aka daɗe ba a buɗe ba.

A kan wani babban gungume wata mace na zaune, ta ba ni baya. Na ɗauka koren mayafi ne. Ba mayafi ba ne. Bayan nata ne ke ƙyalli, da tsaga a tsakiya daga wuya har ƙugu. Tana rawar sanyi.

"Matar mai agogo," ta ce a hankali. "Shi minti biyar yake yi."

Sai ta ƙara da cewa:

"Buɗe kwalbar. Ki ba ni katin."

Na yi niyyar addu'a, wallahi. Amma bakina ya saba da abin da ya saba.

"Nawa za ki saya?"

Ta yi dariya, ƙara kamar ana goga farce a kan kwano. Ƙasa ta fara motsi. Ƙwari ne, baƙaƙe, dubbai, suna hawa takalmina.

"Zinariya cike da jakarki."

"Albarka."

"Ki bar nan da ranki."

"Raina nawa ne tun asali. Ba a sayen kayana da kayana."

Ta juyo da kai, jikin bai juyo ba. Ba zan faɗi yadda idanun suke ba. Ƙahonnin dai na gani, suna laluben iska, suka zo har kumatuna. Sanyi ƙalau.

"Yana min hira," ta ce. "Yana riƙe numfashi don kada ya firgita ni. Ke ya taɓa riƙe miki numfashi?"

A nan tsoro ya sake ni, wani abu mai zafi ya maye gurbinsa. Ƙwarin sun kai gwiwata. Na ɗaga kwalbar sama, saitin dutse.

Komai ya tsaya.

Na faɗi abin da nake so.

"Shi ma ban ba shi ba," ta ce.

"Na sani. Shi ya sa."

Ta sunkuyo, ta raɗa min a kunne. Na cire murfin, na jefa katin a kan gungumen, na cika wandona da iska. Bayana wani gurnani ya tashi kamar injin niƙa. Ban waiga ba, takalmi ɗaya ma a can na bar shi.

Na yi sati a kwance. Kunnen hagu har yau sanyi yake, ba ya jin komai. Ƙwaro ko ɗaya ba ya shiga gidana, ko a damina. Mai hoto ya ce na yi wauta da na rabu da fuskar mijina. Wace fuska? Wadda ke kallon wata?

An taya min zinariya na ƙi. Abin da na sallama a kansa shi ne sunanta, wanda ya nema shekara shida ya tafi bai samu ba. Yana bakina, kuma ba mai jin sa.