Layi na Uku

Ina da wata 'yar matsala: in na ga mutane sun jeru, sai na shiga layin kafin in tambayi abin da ake rabawa. Matata ta gaji da yi mini faɗa. Na faɗa ne tun yanzu don kada a zaci mai hankali ne ke ba da labarin nan.

Natan ya fara ganin Zipora a kan katakon da aka gitta bisa kwarin da ruwa ya haƙa a Sabon Fegi, unguwar da ta tsiro a bayan Sabon Garin Keffi tun da tsadar haya ta koro ma'aikata daga Abuja. Katakon ba ya ɗaukar mutum biyu. Shi yana ɗauke da batirin sola a ka, ita tana dawowa daga kemis ɗin da take aiki. A ƙasansu jan ruwa yana wucewa da ƙyauren gidan wani.

Ta ce ya koma. Ya ce mai batir a ka ba ya tafiya da baya. Ita ta ja da baya a hankali, idonta a fuskarsa don tsoron kallon ƙasa. Kafin su taka tudu ya san sunanta, ya kuma manta gidan da zai kai batirin.

Washegari ya je kemis ya sayi maganin ciwon kan da ba ya damunsa, ya fito da lambarta. Da dare ya tura mata saƙo, ta mayar masa.

"Zipi, kaina lafiya lau, amma gobe ma zan zo sayen magani. A ajiye mini murmushin nan."

"Mai Sola, magani ba alewa ba ne. Ka zo haka nan, murmushin kyauta ne."

Da a wata shekara ce, da tuni an sha biki. Amma zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, kuma mahaifinta, Malam Malachi, tsohon hedimasta, yana neman tikitin kansila. Maganarsa ɗaya ce: kwalbati da magudanar ruwa, kafin kwari ya cinye unguwar. Mai ja da shi a jam'iyyar shi ne Jethro mai buga bulo, kawun Natan, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensa. Shi cewa yake a fara da tasha da kasuwa, don unguwar da ba ta kawo haraji ba mai yi mata kwalbati.

Jam'iyya kuma ta ce 'yar tinƙe za a yi, ƙato bayan ƙato. Ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga da rana tsaka. Babu akwati, babu labule.

Unguwa ta yi wani irin shiru. Aka wayi gari an ƙone keken wani mai tallan Jethro. Samari suka koma zama a gindin mangwaro suna feƙe sanduna, in ka gaishe su sai su bi ka da ido. An ga baƙin fuskoki suna sauka daga motocin da ke zuwa daga garin Garaku. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azin zaman lafiya, kowane ɓangare ya ce amin yana hararar ɗayan.

A cikin wannan yanayi Natan ya je gaishe da Malachi. Ya durƙusa, ba a ce ya tashi ba.

"Ba ni da matsala da kai, yaro," in ji tsohon. "Amma ranar tinƙe zan waiwaya. In ban gan ka a bayana ba, kada in sake ganinka a ƙofata."

A gida Kawu Jethro bai ko ɗago daga kwanon tuwo ba. Ya tambaye shi tuwon wa ya ci ya girma, sannan ya ce in ya tsaya a bayan hedimasta, daga filin ya wuce can da kayansa.

Sai kuma Haggai, shugaban matasan Malachi, wanda ya daɗe yana sayen maganin ƙarya a kemis ɗin tun kafin Natan ya gano dabarar. Ya nuna wa Zipora hoton Natan a kan tsani a ofishin kamfen na Jethro, kusa da tuta. Nan take ta tura wa Natan saƙo.

"Ashe ka riga ka zaɓa. Da ka faɗa mini da bakinka, Natan."

Sunansa na gaskiya da ta rubuta maimakon Mai Sola ya fi komai tayar masa da hankali.

"Fitila na ɗaura, Zipi, ba tuta ba. Ni ke na zaɓa, ke kuwa ba ki tsaya takara ba."

Ta karanta, ta kashe wayarta.

Ranar tinƙe hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ba ko iska. A filin firamare tsofaffin biyu suka tsaya, layi biyu suka miƙe a bayansu. 'Yan sandan da aka turo suka samu inuwa nesa. Duk saurayin da ke tafiya yana ɗingishi, sanda ce a wandonsa.

Da Natan ya shigo, hayaniya ta mutu. Ya nufi layin kawunsa, sai ya hango Zipora a bayan mahaifiyarta, kanta a sunkuye. Ya juya wajen hedimasta, sai ya ga furfurar ƙeyar Kawu, wanda bai ma waiwayo ba don ya tabbata ɗansa na zuwa. Ya tsaya a tsakiya. Daga baya an ce jarumta ce. Gaskiya ƙafafunsa ne suka ƙi tafiya.

Haggai ya busa usur, ya ce na tsakiya ba na kowa ba ne, kowa na iya dukansa. Sanduna suka fara fitowa ta ɓangarorin biyu.

Nan Zipora ta fita daga layin ubanta. Ta ratsa filin ba sauri, ta tsaya a bayan Natan, ta dafa kafaɗarsa yadda ake yi a tinƙe.

"Kada ka juyo, Mai Sola. In duka ne, a dake mu tare."

"Kin huce?"

"Na bi ta ofishin. Fitilar tana ci."

To, mutum biyu sun jeru. Wani mai tumbi, wanda zan sakaya sunansa don matarsa na karatu, ya shigo filin a makare, ya ga sabon layi gajere, ya zaci taki za a raba, ya zama na uku. 'Yan zumuntar mata suka biyo don kada a taɓa musu 'ya. 'Yan haya, da ba su san ko ɗaya cikin tsofaffin ba, suka ɗauka matashin ɗan takara ne ya fito. 'Yan acaɓa suka bi fasinjojinsu. Layin ya wuce ƙofar makaranta. Masu sanduna suka rasa wanda za su daka, don kowa ya duba sai ya ga uwarsa a ciki.

Kafin a fara ƙirga ruwa ya ɓarke, jami'an jam'iyya suka ruga mota.

Da yamma Malachi da Jethro suka haɗu a falon fasto, a jiƙe, tsoro ɗaya na cin su: in yaron nan ya yanki fom, su biyun sun tashi aiki. Suka yi shawara irin ta manya. A ba shi yarinyar, da sharaɗin ya janye. Aka kira Natan aka gaya masa. Ya ɗan ja musu rai don kada ya yi araha, sannan ya janye daga takarar da bai taɓa shiga ba.

An ɗaura auren bayan girbi, coci ya cika har waje. Haggai ne ya tsara wurin ajiye motoci, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Malachi ya ɗora hannu a kansu ya ce Ubangiji ya sa su tsufa tare, ya ba su 'ya'ya masu jin magana waɗanda ba za su shiga siyasa ba. Jethro ya ce amin da ƙarfi, ya ƙara da bulon ɗaki biyu.

Zipora ta karkato ta raɗa wa mijinta, "Ranka ya daɗe, kansilana."

"Na mutum ɗaya," in ji shi. "Kuma ba ni sauka."

Allah ya ba su zaman lafiya.

Tikitin kansila kuwa, wani Jonatan aka ba, ƙanin matar wani babba, mazaunin Abuja. An gama maganar tun kafin a sa ranar tinƙe.